Jinyar Miji da Jinyar Kifi

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo bakin zarensu. Amma lokacin sanyin da na haɗa jinyar maigidana da jinyar kifayensa, wannan kam ba na jin zai fita daga raina har in koma ga Allah. In na fara ba mutane labarin sukan yi dariya, don ba su taɓa jin an yi jinyar kifi ba. Ni ma da wata ce ta ba ni, da na yi dariyar. Sai dai a lokacin babu abin dariya a ciki. Gajiya ce irin wadda take shiga ƙashi, ki kwanta da ita ki tashi da ita.

A Birnin Konni muke zaune, wajen ƙarshen shekarun 1980. Maigidana direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, yana ɗaukar siminti daga Malbaza yana kaiwa garuruwa. Ni kuma ina da keken ɗinki a gida. Ƴaƴanmu biyu, duka mata, sun riga sun yi aure, ɗaya a Tsarnawa, ɗaya can Yamai. Gidan daga ni sai shi.

Wata rana ya dawo daga Malbaza da wani akwatin gilashi nannaɗe cikin bargo, da bokiti rufe a gaban mota. Wani nasara ne da ya saba ɗaukar wa kaya, aikinsa ya ƙare zai koma ƙasarsu, ya bar masa. Da ya buɗe bokitin sai na ga ƴan kifaye, babu wanda ya wuce tsawon yatsa. Wasu ja kamar ɓawon lemo, wasu baƙaƙe wuluk, wasu kuma da wutsiya mai faɗi tana rawa kamar bakin gyale. Ya share kusurwar ɗakinsa, ya ɗora akwatin a kan tebur, ya zuba tsakuwa da ruwa, ya jona wata ƴar na'ura da lantarki tana ta fitar da kumfar iska.

Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Maigida, wanga kifi yaushe za shi girma a ci?”

Ya ce, “Ba a ci. Kallo ake.”

Na ce, “Kifin da ba a ci, mi amfaninshi?”

Ya ci gaba da gyara tsakuwarsa. Daga ranar na ɗauke kaina daga harkar. Shi ke ba su abinci, shi ke sake musu ruwa. Har wata randa ya ware a bayan ɗaki, ya ce kada a sha, kada a ɗiba, ruwan kifi ne. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. In ya dawo daga tafiya, kafin ya cire takalmi sai ya leƙa su. Da yamma ya ɗora shayi, ya zauna gabansu, mutumin da ya wuni cikin ƙarar inji, ya yi shiru yana kallo. Maƙwabta sun yi ta zuwa gani da farko, daga baya suka saba. Haka muka yi shekaru, ni da ɗinkina, shi da kifinsa.

Bayan kaka na wata shekara, yana alwalar la'asar, sai na ji buta ta faɗi. Na fito na same shi kwance a ƙasa, bakinsa ya karkace. Aka kai shi likita, wato asibiti. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, ya ce tansiyo ce, hawan jini, ta taɓa masa ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, harshe ya yi nauyi. Ranar da za a sallame mu, majo ya kira ni gefe ya ba ni ƙwayoyi, ya nuna mini yadda zan riƙa ba shi, sannan ya ɗaga mini yatsa.

“Abu ɗaya nike so ki riƙe,” in ji shi. “Gishiri. Ko kaɗan kada shi shiga bakinshi. Za shi nema, za shi yi fushi, za shi ƙi cin abinci. In kika ji tausayinshi kika ba shi, to ke kika maida shi nan, ko kuma wurin da ya fi nan.”

Na riƙe maganar nan kamar karatu.

Yayarsa ta zo daga ƙauyensu na wajen Illela don ta taya ni. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ba don ita ba ban san yadda zan yi da ɗaga shi da kwantar da shi ba. Sai dai ta zo da buhu guda na saiwoyi da ɓawon itace, kuma a wurinta babu ciwon da jiƙon bagaruwa ba ya magani. Kullum muna cikin ja-in-ja a hankali: ita tana son a ba shi jiƙo, ni ina cewa majo bai ce ba.

Wanda bai yi jinyar babban mutum ba ba zai gane ba. Tun asuba zan ɗora ruwan zafi, mu gasa masa jiki, mu sake masa tufafi, in wanke shimfiɗa, in yi masa tuwo da miya dabam wadda babu gishiri, in ba shi a baki, rabi ya shiga rabi ya zubo. Kafin in gama wannan, wani ya taso. Keken ɗinki na rufe shi da zane. Ƴan gaisuwa kuma ba sa yankewa, kowa ya zo sai ya zauna ya tambaye ni, “Ya jikin nashi? Yana ci? Yana gane mutane?” Shi kuwa yana kwance a gabansu, idonsa biyu.

Mun shimfiɗa masa katifa a ƙasa, fuskarsa tana kallon akwatin kifi. Nan ne kawai nake ganin idonsa ya yi rai. Saboda haka na ɗauki ba su abinci a cikin ayyukana, ina barbaɗa musu abin da na samu a gwangwaninsu, ba tare da na san yawan da ya kamata ba.

Sai sanyi ya sauka, irin wanda ruwan randa ke cizon haƙori da safe. A lokacin kuma aka shiga yawan ɗauke wuta, ƴar na'urar kumfa ta yi aiki ta tsaya, ta yi aiki ta tsaya. Wata safiya ina zuba musu abinci na ga ba su taso ba. Na duƙa na duba, sai na ga jikinsu duk ɗigo-ɗigo fari, kamar an yayyafa musu gari. Sun manne fikafikansu, wasu suna goga jiki a tsakuwa, wasu sun taru a sama suna ta buɗe baki.

Na waiwaya, na ga shi ma ya gani. Bakinsa yana motsi. Tun faɗuwarsa kalmomin da ke fita ba su fi a ƙirga ba, su ma sai an kasa kunne. Na matsa kusa.

“Gi... gishi... gishiri,” in ji shi.

Kwanon kununsa yana hannuna a lokacin. Na ce, “Ka yi haƙuri, Maigida. Majo ya hana.”

Ya rufe ido. Da na kai masa cokali, ya kau da kai.

Daga ranar kalmar nan ta zama abin da yake gaishe ni da shi. Na shigo, gishiri. Zan fita, gishiri. Ni kuwa kusan duk shigar da zan yi ɗakin da kwano nake shiga, kuma an riga an gaya mini zai nema. Idan ya faɗa yana kallon akwatin, ban ga wani abu a ciki ba, don dama can kullum nan yake kallo. Sai in ce masa ya yi haƙuri. Yaya kuma ta ce, “Ɗan'uwa, ka daure, lafiyarka muke so.” Wani lokaci ya buga hannun hagu a katifa, wani lokaci hawaye su gangaro masa ta gefe ɗaya. Mu kuma mu fita tsakar gida mu ce ciwon ya sa masa rigima irin ta yara.

Ranar da kifi na farko ya juya ciki sama, maigidana ya wuni bai sa komai a bakinsa ba. Da na fito da kwanon a cike, Yaya ta dube shi, ta dube ni, ta rage murya.

“Ƙanwata,” ta ce, “ranshi na cikin akwatin can. In suka ƙare, ina tsoron shi bi su.”

Ni ban yarda cewa ran mutum yana rataye da na kifi ba. Amma na yarda mutumin da ba ya ci ba zai daɗe ba. Washegari na yafa gyale na tafi kasuwa.

A kasuwar Konni a lokacin akwai masu sayar da magani a faifai da kan tebur, yawanci daga hayin iyaka ake kawo musu. Na tsaya wurin wani dattijo da na saba sayen asfirin a hannunsa, na yi masa bayani ina jin kunya. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko wani kafso, rabi ja rabi rawaya.

“Hajiya, wanga babu abin da ba ya kashewa,” in ji shi. “Mutum na sha, ana ba kaji, ana ba awaki, ana barbaɗawa ga miki. Kifi ai ba shi fi su ba. Ki buɗe ki zazzage cikin ruwan.”

Na ce, “Guda nawa?”

Ya ɗan yi tunani, ya ce, “Akwatin babba ne? To ki sa da yawa.”

Na koma gida na yi yadda ya ce. Ina buɗe kafson ina zazzagewa, maigidana yana ta gurnani a bayana, yana buga katifa. Na ce, “Magani ne na samo musu, ka kwantar da hankalinka.” Ruwan ya zama rawaya kamar fitsarin doki, kumfa ta taru a sama ta ƙi fashewa. Kafin a jima ya fara wani irin wari. Ɗigon fari kuwa ko gezau. Da safe na kwashe matattu biyu da ludayi.

Na koma wurin dattijon. Ya ce to ba ciwon ciki ba ne ke nan, wataƙila zazzaɓi ne, tunda lokacin sanyi ne. Ya ba ni kinin. Na daka na zuba. Yanzu in na tuna ina daka maganin masassara a turmin yaji don kifi, sai in girgiza kai. Amma a lokacin duk wanda ya miƙo mini abu ya ce magani ne, karɓa nake, don in na karɓa na huta da tunani na wannan ranar.

Da kinin ma bai yi ba, wata maƙwabciya ta ce in je gidan likitan dabbobi. Na tafi da ƙafa, na tarar ana yi wa shanu allura, na jira har aka gama. Ma'aikacin da na samu ya saurare ni sosai, ya tambaye ni abin da na riga na zuba. Da na lissafa masa sai ya dafe goshi.

“Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba,” ya ce. “Shanu da tumaki da raƙuma muka karanta. Kifin gilashi ban san ciwonshi ba. Abin da zan ce miki kawai, ki daina zuba musu maganin mutane. Ki nemi wanda ya saba kiwonsu ki tambaye shi.”

Na ce, “Wanda ya saba kiwonsu bakinshi ya mutu.”

Ya ce, “To Allah shi ba shi lafiya.”

Na dawo gida ban samu komai ba sai ciwon ƙafa. Ina shiga na tarar ruwan akwatin ya koma ja kamar shayi. Yaya ta ga na daɗe, ta ce bari ita ma ta taimaka, ta tace jiƙon bagaruwa ta zuba. Ni da na zuba kafso da kinin, da wane baki zan hana bagaruwa?

Sai na ce wataƙila dauɗa ce ta yi yawa. Na kwashe kifayen na sa a tasa, na fito da akwatin tsakar gida, na wanke shi tas da garin sabulu, na wanke tsakuwar, na cika shi da sabon ruwa daga famfo mai sanyi ƙarara. Ya yi kyau, har ɗaukar ido yake. Na maida su ciki ina jin na yi abin kirki. A wannan karon ne suka fi mutuwa. Baƙaƙen nan da suka fi kowa kuzari, ina kallo suna jujjuyawa kamar an sa su a wuta.

Ban san yadda zan kwatanta muku halin da nake ciki a kwanakin nan ba. Ina salla in manta raka'ar da nake. Na taɓa ɗora tukunya na zauna gaban murhu, ban farka ba sai da ƙauri ya ishi maƙwabta. Zanena ya fara yi mini yawa. Kowace safiya, kafin in ce masa ina kwana, sai in tsaya tsakaninsa da akwatin in ba shi baya, in sa ludayi in kwashe waɗanda suka mutu, in ɓoye cikin gyale in fita da su, kamar bai iya ƙirga ba. Akwai ranar da na tsaya a bayan ɗaki da mataccen kifi a tafin hannuna, na ce a raina, su ƙare mana duka, ko na samu aiki ɗaya ya ragu. Sannan na tuna abin da Yaya ta ce, na share ido na koma ciki. Shi kuwa cin abincinsa sai raguwa yake. Kalmar tasa ma ya rage faɗinta. Sai ya dube ni kawai, ya motsa leɓe, ya bari.

Ranar kasuwa ta zagayo. Wani ya gaya mini akwai wani shuɗin magani da ake shafa wa yara a baki in sun yi miki, wai shi ma yana yin komai. Bayan azahar na ce wa Yaya ta kula da shi, zan je in dawo. Ashe bayan fitata an aiko ana kiranta a maƙwabta wajen wata mai naƙuda, sai Yaya ta leƙa ta ga idonsa a rufe, ta ce bari ta je ta dawo.

Na dawo da kwalbar shuɗin a hannu, na ɗaga labule, na ga katifa babu kowa. Bargonsa yana bakin ƙofa. Na juya, sai na ga wani sawu a ƙasar tsakar gida, mai faɗi, kamar an ja buhu, ya tashi daga ƙofar ɗakinsa ya nufi madafa. Na bi shi da ido. Can na hango maigidana kwance a kan ɓarinsa na hagu a bakin madafa, rigarsa ta naɗe har ƙirji, gwiwar hannunsa da ta ƙafarsa sun saɓule suna jini, ƙasa ta manne a jinin. Mutumin da sai mun haɗu mu biyu muke juya shi. Yana numfashi kamar wanda ya yi gudu. A hannunsa na hagu kuma ga gwangwanin gishirin da nake ajewa kusa da murhu, ya rungume shi a ƙirji.

Na durƙusa na kama gwangwanin, na ce, “Maigida, kashe kanka za ka yi? Kawo.”

Ya ƙi saki. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Muna cikin haka Yaya ta shigo, ta ga jini, ta fara salati, ta duƙa tana duba bakinsa ko ya riga ya ci. Sai ya datse leɓɓansa, ya girgiza kai. Ya dube ni ido cikin ido, irin kallon da yake mini tun muna da ƙuruciya in yana so in bar surutu in ji. Na saki gwangwanin. Ya ɗaga shi da kyar, ya nuna ƙofar ɗakinsa da shi. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi.

“Ki... kifi,” in ji shi. “Gishiri... kifi.”

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban yi kuka ba, ban da ƙarfin yinsa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Su za a sa wa?”

Ya rufe ido, ya gyaɗa kai, ya saki gwangwanin ya gangara kan cinyata.

Muka ɗauke shi muka maida ɗaki, muka wanke masa raunukan. Ina gamawa na jawo tabarma na zauna a gefensa na hagu, na sa hannuna cikin nasa. Na ce, “Zan riƙa tambaya. In e ne, ka matsa. In a'a ne, ka bari.” Abin da ya kamata in yi tun ranar da muka dawo daga likita, ranar na fara shi.

Na ɗaga kwalbar shuɗin da na sayo. Bai matsa ba. Na ɗauko sauran kafso daga kan tebur na miƙa gabansa, sai ya fizge hannunsa ya share su suka watse a ƙasa. Na ce a zubar da ruwan duka? Shiru. Rabi? Ya matsa. A cika da na famfo? Shiru, har da harara. Na yi ta kawo abubuwa ina kuskurewa, sai can na tuna randar bayan ɗaki da na manta da ita tun faɗuwarsa. Na ce, “Na randarka?” Ya matsa har na ji zafi. Ruwan da ya kwana yake so, wanda warin maganin famfo ya fita daga cikinsa. Randar ta kusa ƙafewa, sai muka haɗa da na randar sha, Yaya kuma ta cika tasa don gobe.

Gishirin ma ba a watsa shi haka kawai. Na kawo ludayi ya ƙi, na kawo cokalin tuwo ya ƙi, sai da na kawo ƙaramin cokalin shayinsa. Na narka a kofi, na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan yana kallo, har ya ɗaga yatsa na tsaya. Sannan ya yi ta jan bargonsa yana nuna akwatin. Yaya ce ta gane wannan. Ta ce, “Sanyi suke ji.” Muka lulluɓe akwatin ta baya da gefe, muka zuba ruwan ɗumi a kwalba muka toshe muka sa ta tana yawo a ciki, in ta huce mu sake. Abinci kuma ya nuna a rage, ashe ni cika musu nake yana ruɓewa a ƙasa.

Da muka gama, rana ta kusa faɗuwa. Na kawo masa tuwonsa da miyar nan tasa marar gishiri, ina jiran ya kau da kai. Ya buɗe baki. Ya ci har ya kusa cinyewa.

Ba zan ce muku duka suka warke ba. Waɗanda suka riga suka galabaita sun ci gaba da mutuwa, ina kwashewa a gabansa, ban ƙara ba shi baya ba. Amma a hankali ɗigon ya fara barin jikin sauran. Cikin kifaye goma sha wani abu, uku suka rage: ja biyu da baƙi ɗaya. Kuma aikin bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu ga ɗumama kwalba, ga sake ruwa, ga mai gida da ya samu hanyar ba da umarni yana amfani da ita safe da yamma. Sai dai gajiyar ta canza. Ta zama irin wadda in kin kwanta barci yake ɗauke ki.

Da muka koma likita, majo ya ga tabon gwiwoyinsa ya tambaya. Na ba shi labari. Sai ya ce, “Wanda ya ja jikinshi daga ɗaki zuwa madafa, ai ba na kwanciya ba ne. Ku fara tsai da shi.” Muka fara, yau jikin bango, gobe jikin kafaɗata. Kafin damina yana takawa da sanda har zaure. Bai ƙara riƙe sitiyari ba, hannun dama ma bai dawo ba, amma magana ta dawo masa daidai gwargwado, a hankali, kamar mai tsallake ruwa a kan duwatsu. A lokacin ne ya gaya mini nasaran nan ne ya koya masa: in sanyi ya kawo farin ɗigo, ɗan gishiri da ɗumi da ruwa mai tsabta, shi ke nan. Ya ce sau biyu yana yi musu haka a gabana ina ɗinki, ban ɗaga kai ba.

Wata yamma muna zaune a tsakar gida, Yaya ta riga ta koma Illela, na ce masa, “Maigida, kifin nan da suka mutu, na san sun yi maka ciwo.”

Ya daɗe bai amsa ba. Na saba da jira a lokacin, ban cika masa maganar ba.

“Kifi... kifi ne,” in ji shi. “Abin da ya fi ciwo, ina kwance, kuna magana bisa kaina. Yana ci? Yana gane mutane? Ba wanda ya ce da ni, kai, mi kake so? Sai na ji kamar an riga an yi mini wanka, ana jiran a ɗauka.”

Ya yi shekaru bayan wannan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ban ƙara amsa tambayar da aka yi a kansa ba alhali yana wurin. In ɗan gaisuwa ya ce, “Ya jikin nashi?” sai in ce, “Ga shi nan, tambaye shi.” Wasu su ji kunya, wasu su ƙosa da jiran amsar, amma ni ban fasa ba.

Abu biyu na fita da su daga wannan sanyin. Na farko, duk maganin da aka ce mini yana yin komai, na mutum ne ko na dabba, ina aje shi in fara neman sanin ciwon tukuna. Na biyu shi ya fi nauyi. Nauyin harshe ba gushewar hankali ba ne, kuma mai jinya, saboda gajiya da tsoro, yana iya yi wa majinyaci komai ban da saurarensa. Yanzu na tsufa, ni ake kira in an yi rashin lafiya a unguwa. In na shiga, ba na fara tambayar masu jinya. Ina zama kusa da wanda ke kwance, in kama hannunsa mai lafiya, in ce, “Gaya mini,” sannan in yi shiru, komai daɗewar da zai yi.